Kawu Idi da ya ƙi sauka

Duk wanda ya san Kawu Idi a unguwar Lamorde ta Yamai ya san ba ya amsa gaisuwa sai ya ɗaga kai ya duba sararin sama. Ƙanin mahaifiyata ne, yana cikin 'yan ƙasa na farko da suka tuƙa jirgin sama bayan samun 'yanci. Dokarsa ɗaya ce: in kana cikin gajimare ba ka ganin ƙasa, akwai tsayin da ba ka gangarowa ƙasa da shi, komai wanda ya ce.

Wata damina ya ɗauki wani babban mutum zuwa Agadas bikin buɗe ofis. Hadari ya rufe duwatsu ruf, allurar da ke nuna tsayi kaɗai Kawu ke gani. Babban ya leƙo ya ce, "Sauka mana, jama'a na jirana da ganguna."

"Ranka ya daɗe, duwatsun ma jiranka suke," in ji Kawu. Ya juyo da jirgi Yamai.

Ba a daɗe ba aka sallame shi, wai matsoraci ne. Aka ba da kujerarsa ga wanda ya iya cewa to.

Ya koma tuƙin taksi, halin bai bar shi ba. Da ruwa ya tsuge sai ya gangara gefen hanya ya kashe mota. Wata Hajiya da ya ɗauko ta ce masa, "Malam, ai a ƙasa muke."

"Hajiya, ba na gani, ba na tafiya. In sauri kike, ga ƙafa."

Ta fita cikin ruwa tana zaginsa da Zabarmanci.

Matarsa, Inna Hawa, ta yi ta roƙonsa ya je ya ba babban mutumin nan haƙuri.

"Haƙurin me? Don na mai da shi gida da ransa?"

"Ga shi mu muna cin tuwo ba miya."

"Da na sauka, da yanzu ke matar jarumi ce, ana aiko miki buhun shinkafa duk salla. Yi haƙuri da na rayu."

Babban nan ya tsufa cikin ƙoshi, baƙar motarsa ta sha wuce taksin Kawu, ko hannu bai taɓa ɗaga masa ba. Ranar jana'izar Kawu, daga filin jirgi ko mutum ɗaya bai zo ba. Direbobin taksi ne suka ɗauki makara.

Allah Ya jiƙanka, Kawu. Abin da mutane suka hana ka, Allah Ya ba ka ninkinsa, Ya sa ka huta.