Masarata Mai Ɗige-ɗige

Ni ne da laifi, ba sai an kira shaidu ba.

Shekarar da zaman ƙauyenmu Damari ya gagare mu muka koma cikin Birnin Gwari, na bar wa maƙwabcina ajiyar irin farar masarar da na gada wurin babana. Gbagyi ne, tun muna yara kwanonmu ɗaya. Ya rataye min ita a hayaƙin madafarsa. Da muka dawo na karɓa na shuka. Ranar karya masara na ɓare goyo, sai ga kowace ƙwaya da ɗige-ɗigen ja kamar ƙwan zabuwa. Ban tsaya tunani ba. A tsakiyar kasuwa na ce ya cinye min iri ya musanya da wani. Ya dube ni kawai, ya hau babur ɗinsa. Daga ranar ko gaisuwa babu.

Sai 'yar ƙanwata, malamar kimiyya a sakandare, ta kawo mana ziyara. Ta juya ƙwaya ɗaya a tafin hannu, ta fashe da dariya.

"Kawu, wa ya iya musanya rabin ƙwaya? Da allura ya ɗiga mata jan?"

Ta ce a jikin masara akwai dogon rubutun gado mai faɗa mata yadda za ta fito. Wani guntu a rubutun ba ya zama wuri ɗaya, tsalle yake yi. In ya faɗa tsakiyar umarnin launi, ƙwaya ta fito fara. In ya sake tashi, ja ya dawo, amma a wannan ɗigon kaɗai.

Na ce, "Wato ɗan acaɓa ne a cikin masarata?"

"Wanda ba shi da tasha ma, Kawu."

Akwai 'yar kaɗan da na tafi da ita gari a aljihu, ba ta taɓa shiga hannunsa ba, na shuka ta a bayan ɗaki. Na ruga na ɓare. Ɗige-ɗige! Na yi ta tsalle ni ma, ina nuna wa kaji, har matata ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Can na tuna abin da na yi wa maƙwabcina.

Ran kasuwa na same shi wurin masu doya, na ɗaga murya yadda na ɗaga a wancan karon.

"Jama'a, na ce mutumin nan ya ci amanata. Ƙarya na yi masa. Ɗan'uwa, ka riƙe min iri da gaskiya, ni ne na yi wauta. Don Allah ka yafe min."