Ranar da Na Tambayi Matan Tsaskiya Sunan Mazajensu

Shekarun baya, ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, aka tura ni koyarwar gwaji a garin Tsaskiya, ajin matan aure da suka koma karatu. Ƙa'idar ita ce malami zai zo daga kwaleji ya zauna ya ga darasinka. In ya kayar da kai, ka maimaita shekara. Ni kuwa mahaifiyata ta riga ta gama shelanta wa duk garinmu Batsari cewa bana zan gama.

Darasin da ya faɗo mini shi ne rabe-raben kalmomin Turanci: suna, aikatau, sifa da sauransu. Na haddace littafin darasin tamkar karatun allo. Littafin ya ce a fara da tambayar ɗalibai sunayen mutanen gidansu, ni ma ban tsaya tunani ba.

Malamin ya sauka daga babur, aka yi doguwar gaisuwa, ya samu benci a baya. Na gyara mayafi, na yi bayanin mene ne suna da Turancina mai dogara sanda. Sai na nuna wata baiwar Allah a gaba, na ce, "Yaya, ba mu misali. Mene ne sunan maigidanki?"

Wayyo! Ta ja hijabi ta rufe fuska. Na matsa wurin ta kusa da ita, na ce to ita ta faɗi sunan ɗanta na fari. Ta ce, "Haba Malama, a gaban mutane?" Na hango biron malamin yana tafiya a kan takarda. Ni ce fa 'yar fari a gidanmu, mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, amma Turanci ya sa na manta da alkunya!

Can wata dattijuwa Bafulatana ta yi gyaran murya daga gefe, ta ce, "'Yar nan, in dai suna kike nema ido rufe, shanuna kowace da nata. Su ba surukaina ba ne."

Dariya ta ɓarke. Na ce, "Inna, Allah ya saka, kawo su!" Tana faɗa ina rubutawa a allo. Na tambayi kalarsu, fara da baƙa da ja, muka juya su Turanci, ga sifa. Na ce me ake yi musu da safe? Aji ya ɗauka gaba ɗaya: tatsa, kora, shayarwa. Ga aikatau. Har wadda ta rufe fuska sai da ta ɗaga hannu.

Da aka tashi malamin ya kira ni. Ya ce, "Kin ci. Amma don Allah kada ki ƙara tambayar matar mutum sunan mijinta." Wallahi ajiyar zuciyar da na yi, shi ma ya ji ta.

Har yau ina koyar da wannan darasi, kuma kafin na buɗe littafi sai na fara duban waɗanda ke zaune a gabana.

Ranar da na koma gida na ba mahaifiyata labari, ta yi dariya har da hawaye. Sai ta leƙa ta katanga ta ƙwala wa maƙwabciyarmu kira: "Kin ji, yarinyar nan ta ci!"

Ko a ranar ba ta faɗi sunana ba.