Mato Mai Makullin Taki

Shekara goma sha bakwai Mato yana riƙe da makullin siton takin gwamnati a Kibiya. Idan damina ta kusa, mutanen ƙauyen Kahu kan durƙusa su gaishe shi tun daga nesa, shi kuwa da hanci yake amsawa, makullai na kaɗawa a ƙugunsa kamar an ɗaura wa jaki ƙararrawa.

Farar hula na hawa mulki, rediyo ya ce za a cefanar da harkar taki ga 'yan kasuwa. Mato ya tsaya a majalisa yana kumfar baki.

"Taki daddawa ne da za a cefanar? Wa ya san buhu kamar ni?"

"Malam Mato, ai mun san ka san buhu," in ji Amiru mai awon hatsi. "Mu ne dai ba mu taɓa ganinsa ba."

Amirun nan shi ya buɗe shagon taki a kasuwa, gaisuwa ta koma ƙofarsa. Mato ya rame har wandonsa na zamewa. Da masararsa ta fara zama ruwan ɗorawa don rashin taki, ya rantse ba zai taka shagon ba, ya hau mota ya tafi Rano. Yana taya buhu, mai shagon ya ce, "Alhaji Amiru ya ce in ka zo a ba ka kujera."

Ashe nan ma nasa ne. Mato ya dawo hannu wofi. Yanzu a rugar Fulani yake roƙon kashin shanu, yana gaya wa kowa takin zamani kashe ƙasa yake yi.