Ranar da Na Goge Tagullar Maigida

Ko na manta komai a duniya, ba zan manta safiyar nan ba. Lokacin shekarata guda da zuwa Boɗinga daga Shagari, zamanin farar hula, ana fama da tsuke bakin aljihu. Maigidana malamin kimiyya ne. Sai aka aiko daga Sakkwato cewa manya za su zo duba ɗakin gwajin makarantarsu, in ba su ga amfaninsa ba su rufe.

Hankalinsa ya tashi. Ya yi makonni yana fama da wasu falle biyu na tagulla, yana kai su maƙera ana gasawa, har suka yi baƙi ƙirin. Ya ce in ya tsoma su a ruwa ya haɗa da batirin mota, iskar nan da muke fitarwa in mun yi numfashi za ta koma wadda ke kama wuta. Ni dai na ce to, don ban gane komai ba.

Ranar da manyan za su zo, ya fita masallaci ya bar fallayen kan tabarma. Ni kuwa uwar tsabta, na ce a raina wannan abin kunya ne, manya su ga kayan mijina da dauɗa kamar ba shi da mata. Na jiƙa tsamiya, na ɗebo toka, na dirje su yadda innata ke dirje mundayenta, har suna ɗaukar ido.

Da ya shigo na miƙa masa ina murmushi. Ya tsaya cak.

"Mi kinka yi?" ya ce a hankali. "Baƙin nan ai shi ne aikin."

Na cusa su cikin garwashin murhu ina fifitawa ina hawaye. Suka ɗan yi duhu sama-sama, ga lokaci ya ƙure. Ya naɗe su a tsumma da zafinsu ya hau keke.

Na kasa cin komai har la'asar. Da ya dawo ya jingina keken, ya ce gwajin bai yi ba, manyan sun sa kwaɗo a ƙofar ɗakin gwajin. Ya gaya musu laifin batiri ne.

Har Allah ya karɓi ransa bai taɓa goranta mini ba, kuma ɗakin bai sake buɗuwa a zamaninsa ba. Garin neman gira na rasa mana ido. Tun ranar, duk abin da ban san dalilinsa ba, sai na tambayi mai shi kafin in kai hannu da sunan gyara.