Waken Kawu Labbo mai ɗaci

Duk wanda ya san Kawu Labbo a Sakajiki ya san warinsa kafin ya ga fuskarsa. Man dogonyaro ne, wanda yake daka ƙwallonsa ya matse da hannunsa. Kowa na zuba murfi biyu na maganin ƙwari a tankin feshi, shi rabin murfi yake zubawa, ya cike da man nan da ɗan sabulu.

Ranar kasuwar Shinkafi mai shagon magani ya ce masa, "Baba, wagga kwalba tun bara kaka amfani da ita?"

Ya ce, "Awo. Kai kana saida guba, ni ina saida wake. Wa ya kamata shi ji kunya?"

Kai, Kawu! Malamin gona ya zo daga Ƙaura ya ga wakensa ya yi kyau, ya fiddo biro zai rubuta ma'aunin haɗin. Kawu ya miƙa masa sandar motsawa ya ce, "Shaƙa. In hawaye sun zubo, ya yi." Malamin ya shaƙa, ranar bai rubuta komai ba.

A rumbu kuwa ko ɗigon maganin ƙwarin nan fiya-fiya ba ya sawa, sai man dogonyaro zalla. Wakensa ba ƙwaro, amma ɗaci! Yara in an ce ƙosan gidansa ne sai su watse. Na taɓa ce masa, "Kawu, wannan rowar ta isa."

Ya ce, "Ɗiyata Hurera waken biki tac ci, wanda anka adana da fiya-fiya. Shekararta shida tar rasu. Babu ɗaci ko kaɗan cikinai."

Ban sake tsokanarsa ba.

Da ɓarayin daji suka tashi ƙauyukan hanyar Zurmi, bishiyoyin da yake tsintar ƙwallo suka koma hannunsu. Muka roƙe shi ya bari, ya sayi magani kamar kowa.

"In cika murhi biyu? Ga abin da jikokina ka ci?"

Ya ɗauki buhu ya tafi da hantsi. Washegari muka ɗauko gawarsa, buhun na gefensa, ya kusa cika.

Ranar sadakar uku, daga rumbunsa aka ɗebi waken ƙosai. Ɗacin na nan. Har yaran da ke gudu suka zauna, ba a bar ko ɗaya a faranti ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Labbo, Ya sada shi da Hurera inda ba abin da ke cutar da yaro.