Na Kai Hannun Haguna Dugabau

Mun tashi da asuba daga tashar Kabuga, ni da wani maƙwabcina da za shi ɗaurin aure Gwarzo. Jitata tana cikin buhun masara, na ɗaure bakin da igiya. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a wuraren da muke wasa suka rufe, ba a ratsa gari da jita a kafaɗa sai an shirya wa kallo. Kwandasta ya ɗaga buhun ya tambaya ko shebur ne, na ce kusan haka.

Ga abin da ya fitar da ni. Shekara biyu ke nan injin masaƙar da nake aiki ya cinye mini yatsu biyu na hagu, ƙaramin da na kusa da shi, ya bar dungu. Bayan nan aka rage ma'aikata har da ni. Abokan kiɗa suka watse. Da yatsun hagu ake danne tsirkiya a wuyan jita, ni kuwa uku suka rage, duk abin da na kaɗa sai ya fito kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Sai na ji labarin wani tsohon malamin firamare a Gwarzo, Malam Ayuba, mutumin kudancin Kaduna, wai yana da riƙon jita da babu mai irinsa. Na ƙudura idan shi ma ya kasa, can zan bar jitar.

Hanyar ta sha ruwan damina, direba yana kauce wa ramuka yana faɗawa cikin waɗanda suka fi su. Gidajen mai duk a rufe, sai masu galan a bakin titi, kuɗin mota kuma ya ninka na bara. Bayan Rimin Gado gero ya yi kai, kore shar har inda ido ya tsaya. Mutanen motar suna ta hirar tsadar taki, ni hannuna na hagu yana cikin aljihu kamar kullum.

A Gwarzo maƙwabcina ya yi nasa wuri. Na sha koko da ƙosai ni kaɗai, ƙosan ya ƙanƙance sai ka ce ƙwallon goruba aka raba huɗu. Mai kokon ya ce Malam Ayuba ya bar garin tun rasuwar matarsa, yana Dugabau ta wajen Kabo, yana noma ɗan fili. Na koma baya a akori-kura tare da awaki, daga Kabo na hau acaɓa.

Na same shi da hantsi a gindin darbejiya yana ɓare gyaɗa. Muka gaisa, ya gida, ya ruwa, ya hanya. 'Ya'yansa duk sun koma kudu. Ya ce shekara uku rabon da wani ya yi masa zancen jita, tasa ma tsirkiyoyinta sun tsinke, yatsunsa kuma sanyi ya ƙage su. Na kalli hannuwan, na ga ba za su iya kaɗa jita ba.

Ya ce in miƙo hannu. Na miƙa dama, don ba a ba babba hagu.

"Ba gaisawa za mu sake ba," in ji shi. "Hagun nake so."

Na daɗe kafin na zaro shi. Ya riƙe da hannu biyu yana jujjuyawa, yana latsa dungun, babu tausayi ko ƙyama a fuskarsa. Tun da aka kwance bandeji babu wanda ya taɓa hannun nan, har mahaifiyata kawar da kai take yi. Na ji hawaye, na ce hayaƙin murhu ne, alhali ba a hura wuta ba.

Sai aka shiga aiki. Ya sa na sassauta tsirkiya uku har ya zama ko ba a danna ba sautin ya dace. Babban yatsa, wanda aka koya mini ɓoyewa a bayan wuyan jita, ya ce in leƙo da shi ta sama ya danne kauraran tsirkiyoyin biyu. Manuni ya kwanta a gicciye ya kama sauran. Daga nan ya shiga ɗaki ya fito da 'yar kwalbar turaren matarsa, babu komai ciki, ya zura mini a dungun. Ta zauna daram. Na ja ta bisa tsirkiya, jitar ta yi wani kuka mai kama da na goge.

Har la'asar muna yi, ban tashi ba sai salla da tuwon dawar da muka ci. Shi bai kaɗa ko sau ɗaya ba, ido a rufe yake gyara mini yatsa. Da zan tafi na cire kwalbar zan mayar.

"Tafi da ita," ya ce. "A nan ƙura kawai take sha."

Na iso gida ana kiran magariba, ɗakin shiru yadda na bar shi. Na je neman dabarar danna tsirkiya, na kuwa samo, ko da yake har yanzu babu inda zan kaɗa sai tsakanin bangon nan huɗu. Amma da na zo biyan ɗan acaɓa a ƙofar gida, sai na lura hannuna na hagu a waje yake, riƙe da buhun, tun daga Dugabau bai koma aljihu ba.