Ranar da Na Bar Tuwo Na Shiga Daji

Ƙarar jan tukunya a kan tayil ce ta fara komai. Ina ɗaki ina ninke kayan yara na ji ta, ƙiiii, tun daga ƙarƙashin wurin wanke-wanke har tsakiyar kicin. Babbar tukunyar nan ce da ba ma fito da ita sai suna ko Sallah. Abban yara ne ya jawo ta, ya leƙo da fara'arsa ya ce, "Kar a manta da wannan. An ce tuwon ranar Asabar a kanki ya faɗo."

Lokacin muna zaune a ƙasar waje, a unguwar Taman Melati, yana ƙarasa digirinsa na uku, saura 'yan watanni mu tattara mu koma gida. Duk hutun makaranta, iyalan 'yan Arewa da ke unguwar sukan haɗu su kama ɗakunan katako a bakin wani rafi, cikin dajin da ke bayan garin Gombak. Hutu ake ce masa. Da safe maza da 'ya'yansu maza su bi ɗan jagora su shiga daji, su haye gadar igiya, su je inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. Mu kuwa mata sai a kafa mana murhun gas a ƙarƙashin wata rumfa, mu baje kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da aka ɗauko tun daga Kano, don mazanmu sun ce abincin mutanen ƙasar sukari ne da madarar kwakwa. Yara mata su yanka albasa, su goya jarirai. Ba wanda ya taɓa cewa doka ce. Haka aka tarar, haka ake yi.

Na je hutun nan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amma abin da na sani na dajin shi ne hotunan wayar mijina. Ga shi kullum ta tagar kicin ina hangen tsaunukan, kore shar, gajimare zaune a kansu kamar an shanya auduga. Ni da na taso inda ake sanin kowace darbejiya ta unguwa da gidan da take ƙofarsa, na zo ƙasar da bishiya ba ta ƙirguwa, zan koma ban taɓa tsayawa a gindin guda ba.

Da ni kaɗai ce, wataƙila da na haɗiye. Amma akwai 'yar farina, tana shekara goma lokacin. A can ta yi wayo, in yi mata Hausa ta amsa min da Turanci. Tana jin maganar tuwo ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ta tambaye ni me ya sa ƙanenta, wanda kyankyaso ke sa shi hawa kujera, zai hau gadar igiya, ita kuma a ba ta wuƙa da albasa. Na duba duk cikin kaina, ban sami amsar da zan iya ba ta in kuma tsaya da ita gaban Allah ba.

Bayan sallar la'asar na sami Abban yara na ce masa bana zan shiga dajin, ni da yarinyar.

Ya ajiye kofin shayinsa. "Ni dai ba ni da matsala. Amma tuwon fa?"

"Miya zan yi tun daga gida. Akwai kedai, ɗan shagon abincin nan, a bakin ƙofar wurin, matar tana dafa farar shinkafa, zan sa ta kawo."

"Shinkafar saye? Kin san Hajiya."

"Na san ta. Kai dai ka yarda ko ba ka yarda ba?"

Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Na yarda. Amma idan magana ta tashi, kar ki ce ni na sa ki."

Na ce ai da ma ba kai ka sa ni ba.

Washegari na hau jirgin ƙasa na je kasuwar Masjid India. Na sayi wando mai faɗi da doguwar riga har gwiwa, da hijabi wanda ba ya jan ƙasa, da takalmin roba mai kama ƙafa, namu ni da yarinyar. Na gwada a gaban madubin shagon, na juya gaba na juya baya. Babu abin da ya fito wanda Allah ya ce a rufe.

Hajiya matar wani babban malamin jami'a ce, ta fi kowa daɗewa a ƙasar, ita ke raba girki, ita ke karɓar baƙuwa idan ta sauka. Ba muguwa ba ce. Ranar da na haifi ƙaramin ɗana ita ta kwana da ni a asibiti, ita ta dama min kunun kanwa. Shi ya sa maganar ta yi min nauyi da safiyar Asabar, da na fito da sabon takalmina na sauke miya a rumfa.

Ta kalle ni daga sama har ƙasa. "Ƙanwata, wannan shigar fa? Ko ƙwallo za a buga?"

Matan suka yi dariya. Na gaishe ta yadda ya kamata, na ce ga miya nan, sai ɗumamawa, shinkafa kuma na yi magana da mai kedai za ta yi mana tapau, a ƙunso a kawo kafin azahar.

"Tuwo muka ce."

"Tuwo yana son a tsaya a kansa, Hajiya. Ni kuma daji za ni."

Wata ƙawata da muke zaune hawa ɗaya a bene ta sunkuyar da kai tana ta gyaran tattasai kamar ba ta taɓa ganina ba.

Hajiya ta ce, "Cikin maza za ki cusa kanki? Da girmanki, da 'ya'yanki?"

"Da mijina zan je. Kuma Ubangijin da ya umarce mu mu dubi halittarsa mu yi tunani, ban ji inda ya ware maza ba."

"To, malama ta zo." Ta juya ga 'yata. "Ke zo ki karɓi ɗan nan ki goya."

Na riƙe hannun yarinyar. Na ce, "Yau da ni za ta tafi, Hajiya. A yi mana addu'a." Muka wuce.

Da muka isa wajen mazan, wani abokin mijina ya ce masa, "Dakta, yau da rakiya aka zo?" Abban yara ya yi kamar igiyar takalminsa ta kwance. Ɗan jagoran ya dubi takalmanmu ya ɗaga babban yatsa ya ce, "Boleh," wato ya yi. A bakin hanyar kuma muka ci karo da ayarin matan ƙasar suna fitowa, kowace da ɗan hijabinta da sanda, har da wata tsohuwa da a shekaru ta isa ta haifi Hajiya. Ta yi min sallama tana haki tana dariya. Na amsa da ƙarfi don na gabana su ji.

Ba mu yi nisa ba rana ta ɓace. Bishiyoyin sun haɗe a sama, haske sai ɗigo-ɗigo. Saiwar wata ta fito waje kamar katanga, ta fi ni tsawo, na dafa ta na ji sanyi da danshi. Ƙwari na ta wata irin ƙara kamar injin markaɗe, ba tsayawa. Ƙasa na warin ruɓaɓɓen ganye, amma wari mai daɗi, irin na ranar ruwan farko. Gumi ya jiƙa ni sharkaf. Birai suna binmu ta sama suna kallon jakunkuna. Bakina bai daina tasbihi ba, ba don na tuna in yi ba, shi ke zuwa da kansa.

A hawan wani tudu mai santsi na ji ƙafata ta hagu ta yi danshi. Na tsaya kamar zan gyara takalmi, na leƙa. Matsattsaku ne ya shige ta saman safa, ya sha ya ƙoshi ya faɗi, jini na ta tsiyaya. Ba zafi, sai ƙyama. Yarinyar ta gani ta buɗe baki, na girgiza mata kai. Na san idan labarin nan ya kai rumfa, shi za a ci da tuwo har mu bar ƙasar. Na ja ƙafar wando na rufe, muka ci gaba.

Gadar kuwa ta fi yadda take a hoto tsoro. Faɗin katako ɗaya ce, raga ta igiya hagu da dama, an ɗaure ta daga wuyan wata bishiya zuwa wata, ƙasa can nesa ba a ganinta sai kawunan wasu bishiyoyin. Mutum ɗai-ɗai ake hawa. Ƙaramin nawa ya ƙanƙame babansa ya ce ba shi ba gadar nan, ashe duk shekarun nan ta ƙasa ake zagayawa da shi. 'Yata ta dube ni. Na ga idan na ja da baya a nan, gara da na zauna na tuƙa tuwon. Na yi bismillah na taka.

Tana lilo. Duk taku sai ta amsa. A tsakiya na tsaya, ba don jarumta ba, ƙafafun ne suka ƙi. Da na ɗaga kai sai ga dajin gaba ɗaya a ƙasana, kore iri-iri har inda ido ya ƙare, hazo na tashi daga cikinsa kamar hayaƙin murhu da asuba, wani tsuntsu mai ƙaton baki ya wuce dab da ni har ina jin fukafukansa. Hawaye suka zubo min. Ta bayana na ji muryar yarinyar da Hausarta mai ɗingishi tana cewa in matsa mana, ita ma tana so ta gani.

A wurin ruwan muka yi azahar. Na koma bayan wani dutse na wanke jinin daga safa da ƙafar wando, na yi alwala da ruwan da ya fi na randa sanyi. Maza suka yi sahu a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse, ni da 'yata a bayansu. Ƙarar ruwan ta danne muryar liman, sai da ido muke binsu. Bayan an idar na zauna na tsoma ƙafafuna, ƙananan kifaye na taɓa min yatsu. Ban riƙe ludayi ba, ba wanda ya kira ni. Ashe abin da ake nufi da hutu ke nan.

Da muka dawo, ƙunsassun shinkafar suna jere a kan tebur yadda mai kedai ta kawo su, ko ɗaya ba a buɗe ba. Hajiya ta tuƙa tuwo da kanta, da bayanta mai ciwo, ta kaɗa kuka. Miyata kuma an ture ta gefe. Na yi sannu da aiki, aka amsa ta hanci. Aka zuba wa maza, aka zuba wa yara, ba wadda ta ce min ga naki. Na ɗauki ƙunshi biyu na zuba miyata, muka zauna ni da 'yata a matakalar ɗakinmu muka ci. Abban yara ya cinye tuwonsa can cikin abokai, daga baya ya zagayo ya zauna kusa da mu ya buɗe ƙunshi na uku.

Na san abin da ke jirana a sauran watannin. Za a yi suna in ji a bakin wasu, za a yi girkin Sallah a ce an manta ba a kira ni ba. Abin ya dame ni, don a baƙuwar ƙasa matan nan su ne dangina. Da yamma na haɗa wa Hajiya shayi da citta na kai mata don bayanta. Ta karɓa ba ta dube ni ba. Na yi mata sannu, amma ban ba ta haƙuri ba, don ban ga laifin da na yi ba, har yau kuma ban gani ba.

Dab da magariba ina bakin famfo ina shanya safata, sai ga 'yata ta taho da gudu daga wajen yara, ta waiga hagu da dama, ta ja min hijabi har na sunkuya.

"Mama, autar Hajiya ta ce in tambaye ki, idan gobe za ki koma, wai ki tafi da ita. Amma ta ce ke za ki faɗa wa mamanta, ita tsoro take ji."